Kawunka Ya Rataye Zabira

Zuwa ga ɗana Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hadiza da yara. Ya aiki, ya zaman Kaduna? Mu nan Kankara lafiya lau, sai abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Ran Asabar na shiga maƙwabta kallon sabon talabijin ɗin da suka sayo, don an ce za a nuna wasanku. Sai ga ka ka fito a mahaukaci, kana sosa ƙeya, kana hira da bango, kana bin mutane da wuƙa. Kowa na dariya ban da ni. Sosa ƙeyar nan ta kawunka Bala ce lokacin ciwonsa, kuma duk unguwa ta gane. Wuƙar kuwa ƙarinka ce, don ko kaza bai taɓa kora ba.

Bawan Allah ya warke, yana shan maganinsa, ya koma wanzancinsa. Yanzu yara na binsa suna kwaikwayonka. A kasuwar Sheme wani ya ce masa, "Malam Bala, wa zai miƙa wuyansa ga askarka?" Ya dawo bai aske kai ko ɗaya ba, ya rataye zabira.

Sani, ciwo ba abin wasa ba ne, kuma ba ya tambayar gidan wa zai shiga. Ka bar gashinka ya taru. Ka zo ranar kasuwa ka zauna gabansa ya yi maka aski. A gaban jama'a ka ɓata shi, a gabansu za ka miƙa masa kanka.

Ka sa shi a addu'a. Ka gai da Hadiza.

Mahaifiyarka