Takarda Ashirin da Bakwai, Kuskure Ɗaya

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara duka. Yaya gwiwar? Ina fatan kin rage zaman keken ɗinkin nan kamar yadda likita ya ce, ko da yake na san halinki, da kin ga sabon yadi kin manta da ciwo. Mu nan lafiya lau, ƙaramar ce ta yi mura kuma ta warke.

Yaya, na zaɓi in rubuto maimakon in kira, don in na fara a waya muryata rawa za ta yi, ke kuma ki hau ba ni haƙuri tun ban kai ƙarshe ba. Kin san wata biyar ke nan da na fara koyarwa a kwalejin jinya, kuma darasina shi ne lissafin magani: nauyin mara lafiya kaza, ƙarfin magani kaza, nawa za a ja a sirinji. Makon jiya na yi wa 'yan shekara ta biyu gwaji, su arba'in. Ranar Talata bayan azahar na zauna a ofis ina dubawa, fanka na ɗaga takardun ina danne su da kofin shayi. Tambaya ta huɗu a kan jariri ce. Amsar mili biyu da rabi, wato biyu, ɗigo, biyar. Takardar farko na ga ashirin da biyar, babu ɗigo. Na ce kuskure ne. Ta biyu ma haka, ta uku ma haka. Kafin in gama na ware guda ashirin da bakwai, layi ɗaya, kuskure ɗaya. Har wata lamba da mai amsar farko ta rubuta ta soke, su ma sun rubuta sun soke.

Ba satar amsar kaɗai ta dame ni ba, Yaya. Ninki goma ne na maganin. Yaran nan baɗi war haka suna tsaye a kan gadon ɗan wani da allura a hannu.

Na kai wa Shugaban Sashe. Ko zama bai ce in yi ba, ya ce in kawo masa sunaye ranar Litinin a miƙa wa kwamitin ladabtarwa. Hukuncin maimaita shekara ne ko kora. Abin da ya fi ƙona min rai, a cikinsu har da wata da muke kira Mai Gilashi, wadda ta fi kowa ƙoƙari a ajin, wadda nake alfahari da ita a ɗakin malamai. Na rubuta sunayen sau biyu ina yagawa. Ki sa ni a addu'a, ki kuma faɗa min abin da kika gani.

Ki gaida kowa da kowa.
Ƙanwarki, Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Saƙonki ya iso, na gode ƙwarai. Na ji daɗi da gwiwar ta yi sauƙi. Na kuma yi dariya da kika tuna min yadda nake ɓoye littafin lissafi a ƙarƙashin katifa ina cewa ya ɓata, har sai da kika zaunar da ni da maɓallan riga kina koya min rabawa. Kin ce kafin in rubuta sunan kowa in fara tambayarsu dalili, don ke ba kya yanka yadi sai kin auna mai shi. Haka na yi.

Ranar Alhamis na shiga aji ban ɗauki alli ba. Na faɗa musu abin da na gani. Na raba farar takarda na ce kowa ya rubuta gaskiyar abin da ya sa, kada ya sa suna, ya jefa a kwalin da na ajiye a bakin ƙofa.

Yaya, na zaci zan karanta lalaci. Akwai masu lalacin, ba zan ɓoye miki ba. Wani ya rubuta cewa ƙwallo ya tsaya kallo. Amma wata ta ce gwaji huɗu aka jera musu a rana ɗaya, gwajina ne na ƙarshe, kanta ya riga ya toshe. Wani ya ce daga aji shagon magani yake wucewa aiki, a tsaye yake karatu tsakanin masu saye. Wata ta ce babanta ya gama shelanta wa unguwa cewa 'yarsa nas ce, har maƙwabta na kawo mata yara ta duba, da wane ido za ta koma ta ce ta faɗi? Mutum shida sun rubuta kusan abu ɗaya: kowa na yi, wanda bai yi ba shi ake wa kallon wawa.

Sai na zo kan wadda ta hana ni cin abincin rana. Ga abin da ta ce: "Malama, tun makon farko ban gane ba. Ranar da Doguwa ta ɗaga hannu kika ce mata ko ba ta yi sakandare ba ne, aka yi mata dariya. Daga ranar babu wanda ya ƙara tambaya." Doguwa wata ɗaliba ce mai zama a layin baya. Wallahi na manta na faɗi haka, amma da na karanta sai na ji muryata sak. Ni da nake murna ajina ba ya tambaya, ashe tsoro ne.

Da la'asar Mai Gilashi ta ƙwanƙwasa ofis, idanunta sun kumbura. Ta ce amsar tata ce, sauri ya sa ta manta ɗigon. A zangon farko ta ƙi ba kowa amsa, sai 'yan ɗakinsu suka sa mata suna Marowaciya, suka daina cin abinci da ita, har bokitinta ake ɓoyewa. Ta ce: "Na gaji da zama ni kaɗai ne, Malama." Na miƙa mata ruwa.

Gobe zan je wurin Shugaban Sashe, kuma ba da sunaye kaɗai zan je ba.

Taki har kullum,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ki yafe min shirun mako uku, abubuwa ne suka yi yawa. Ki yi wa babban ɗanki barka da samun aiki, ki ce masa ƙaramar uwarsa na jiran tukuici.

An yi zaman kwamiti. Na kai kwalin nan na juye a kan tebur, na karanta musu takardun har da wadda ta ambace ni. Na roƙi abu uku: duk wanda ya zo da ƙafarsa ya amsa laifi a ba shi sifili a gwajin da takardar gargaɗi, amma kada a kore shi, a sake gwada kowa ɗaya bayan ɗaya a gabana, a kuma daina jera gwaji huɗu a rana. Shugaban Sashe ya ce in muka sassauta bana, baɗi ajin gaba ɗaya zai yi. Ban ga laifinsa ba, shekararsa ashirin yana fama da wannan. Ina ganin magana ta ƙare, sai malamin ƙasusuwa ya yi gyaran murya. Tsoho ne mai faɗa, ɗalibai in sun hango shi canza hanya suke. Ya ce shi ya sa hannu a korar yara sun fi hamsin, kuma bai taɓa ganin satar ta ragu ba, sai dai ta ƙara wayo. Ya ce a gwada na yarinyar nan sau ɗaya. Ni ce yarinyar, Yaya, da 'ya'yana biyu.

Kwamiti ya amince, aka ba ɗaliban kwana uku. Ashirin da huɗu sun zo, wasu na kuka, wasu na kallon ƙasa. Uku sun rantse ba su yi ba, har da mai kawo kawunsa ya yi mana hayaniya a baranda. Kwamiti ya ɗora takardunsu kusa da sauran, aka ga kuskuren ɗaya ne, aka dakatar da su zango ɗaya. Ban ji daɗi ba, amma ban hana ba.

Abin da ban shirya masa ba shi ne sauran sha ukun da ba su yi satar ba. Shugaban ajin ya tare ni a matakala ya ce, cikin ladabi amma ransa a ɓace, su da suka sha wuya suka ci maki kaɗan da guminsu, mene ne ribarsu? Na ce yana da gaskiya. Makinsu na nan, na waɗancan sifili ne, kuma na shiga aji na kira sunayensu ɗaya ɗaya na gode musu a gaban kowa. Ban sani ba ko ya isa. A ranar kuma na ba Doguwa haƙuri a bainar jama'a.

Yanzu duk Laraba muna haɗuwa a ɗakin gwaji awa ɗaya, babu maki, babu rajista. Na kawo 'yar tsana da sikeli da sirinji da ruwa mai kala. Kowa zai auna, ya lissafa a allo, ya ja da hannunsa. Ranar farko na sa aka ja mili biyu da rabi, aka ja ashirin da biyar, aka ajiye su gefen 'yar tsanar. Mai Gilashi kuwa na ce tunda tana son taimako, ga allo ga alli. Ta iya bayani fiye da ni, har na ɗan ji kishi.

Ki gaida maigidan.
Auta

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Da fatan wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Rigunan yara sun iso, sun yi musu cif, ƙaramar ta ƙi cire tata har wurin barci.

An gama jarrabawar ƙarshen zango, jiya na miƙa sakamako. Wannan karon na yi tambayoyi kala uku, nauyin mara lafiya daban daban, ta yadda ko ka leƙa na maƙwabcinka ba zai amfane ka ba. Na faɗa musu haka tun kafin ranar, don ba tarko nake ɗana musu ba. An kuma raba jadawalin, jarrabawa ɗaya a rana.

Ba zan ce miki an daina sata a kwalejin ba. A wani ajin an kama yaro da amsa a rubuce a cikin hularsa. A nawa ajin, cikin talatin da bakwai, talatin da ɗaya sun ci, shida sun faɗi. Shugaban Sashe ya duba ya ce shida sun yi yawa, sannan ya tambaye ni ko ajin Laraban nan zai ɗauki 'yan shekarar farko. Na ce zai ɗauka in an ba mu ƙarin sirinji.

Amma abin da na zauna in ba ki labari shi ne takardar wani yaro mai shiru, ɗaya daga cikin ashirin da huɗun. Ya amsa tambaya huɗu daidai, da aikinsa a fili, layi bayan layi. Ta biyar ya bar ta fayau. A ƙasa ya rubuta da ƙananan haruffa: "Malama, wannan ban iya ba. Ban so in yi cinke a kan maganin mutum. Yaushe zan zo ki nuna min?"

Na ba shi sifili a tambayar, don haka doka ta ce. Sannan na ɗauki jan biro na rubuta masa a gefe: Laraba, ƙarfe huɗu, ka zo da sirinjinka.

Muna nan tafe hutu in Allah ya yarda. Ki ajiye min kujerata kusa da keken, ina da sauran labari. Ki gaida maigidan da yara da duk mai tambayata.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta