Ƙadangaren da Ya Ci Farar Inna

Yaya Hadiza,

Ina gaisuwa. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna? Muna lafiya, sai gajiya.

Na je aikin sharar wani gida a garin Wendover, nan ƙasar Turawa, na tarar masu haya sun tashi sun bar ƙadangarensu cikin akwatin gilashi, duk ya rame. Tausayi ya sa na ɗauko shi, na ba shi soyayyiyar farar da Inna ta aiko. Saura kaɗan ya mutu. Likitar dabbobi ta ce, "Wa ya ba shi yaji? Ƙwaro mai rai yake ci!"

Ya farfaɗo. Yanzu kullum na taso aiki sai na biya sayen gyare, ni da nake jifan ƙadangaru a Maraɗi.

A sa mu a addu'a. Ki gaida Inna, amma kada ki gaya mata wanda ya ci fararta.

Ƙanwarki,
Rabi