A Bar Mata Hagunta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da yara da jikoki baki ɗaya. Yaya gwiwar taki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce, ya bar mana ke. Mu nan lafiya lau sai godiya. Babban ɗana yana nan yana fama da tuƙinsa, matarsa ta sauka lafiya an sami namiji, maiɗakina kuma tana gaishe ki har ƙasa. Tela maƙwabcin shagona ne yake riƙe da alƙalami, ni nake faɗa, kin san har yau ni da takarda sai kallon kallo. Na ja masa kunne kada ya gyara mini ko kalma ɗaya, in kin ji magana ta karkace, tawa ce.

Bana shekara hamsin da biyu ke nan da ambaliyar da ta karya tsohuwar gada, kin san da ita nake ƙirga komai. Shekara hamsin cif da karyewarta Allah ya ba ni autata, wadda ba ki gani ba tukuna sai a hoto. Yau shekararta biyu da wata uku. Yaya, na haifi bakwai kafin ita, amma ban taɓa zama na kalli yadda ɗan mutum yake zama mutum ba sai a kanta. Sauran ina can ina neman abin sa musu a baki suka tashi. Wannan kuwa a gaban idona take yin komai, domin tun da ta iya tafiya ba ta yarda in fita shago ban ɗauke ta ba. ’Yar Ƙusa muke kiranta, saboda duk ƙusar da ta faɗi ƙasa sai ta tsinto ta, ta miƙo mini tana yi mini faɗa da yarenta. Shekara arba’in ina riƙe ƙusoshi a baki in ina aiki, ba wanda ya iya hana ni. Rana ɗaya na ga ta kai ɗaya bakinta tana kwaikwayona, daga ranar na daina.

Haƙoranta goma sha shida, da kaina na ƙirga, har ta cije ni a wajen ƙirgar. Kanta ya kai bakin teburin aiki. Kalmar da ta fara faɗa a duniya ba baba ba ce, ba mama ba ce, a’a ce, uwarta ta ce ai ba daga ƙasa ta tsince ta ba. Guduma ita ce duma, Tela kuwa Kitikiti take ce masa saboda ƙarar kekensa, yanzu duk layinmu sunansa ke nan, ga shi nan yana rubutawa yana ɓata rai. Abin da zai ba ki mamaki, ta san takalmin kowa. Jiya mai gyaran agogo ya zo karɓar nasa, ina ta tone tulin takalma ina cewa ba a kawo mini ba, sai ga ta ta fito daga ƙarƙashin benci da ƙafa ɗaya a hannu, ɗayar kuma ta zura tata ƙafar a ciki tana jan ta. Mutumin ya yi dariya har da hawaye, ya ce in yi murabus in bar wa mai shago shagonta. Ba ta da tsoro, ba ta da rowa, amma in ta ce ba ta so, ko hadari ya fi ta sauƙin lallashi.

To, ga abin da ya sa na zaunar da Tela. Yarinyar nan bahaguwa ce. Da hagu take tsintar ƙusa, da hagu take buga ’yar gudumar katakon da na sassaƙa mata, kuma bugu ɗaya take yi a kan abin da ta nufa. Uwarta ta tayar da hankalinta, ta ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ta samo safa ta zura mata a hannun, ta ɗaure da zare a wuyan hannu, wai ta saba da dama. Kwana tara aka yi haka. Yaya, cikin kwana taran nan yarinyar ta zama wata daban. Ta daina ’yan waƙoƙinta, ta daina faɗa da kyanwa, in ƙusa ta faɗi sai ta bi ta da ido kawai, ta ɓoye hannun a bayanta kamar ta yi sata. Na ce a cire, uwarta ta ce ba za a cire ba. Ba na ganin laifinta, tsoro take ji. Ta ce za a yi wa ’yarta dariya a layi da makaranta, za ta miƙa wa babba abu da hagu a ce ba a yi mata tarbiyya ba, kuma ba ni za a zaga ba, ita za a zaga. Na ce na yarda, cin abinci da gaisuwa da miƙa wa manya abu a koya mata da dama, sannu a hankali, ba da ɗauri ba. Sauran kuwa a bar mata abin da Allah ya ba ta. Muka kai ruwa rana. Daga ƙarshe ta ce taurin kaina ba mai iya masa sai ke, ita ma ba za ta ji maganar kowa ba sai taki. Ta cire safar, ta ce sai amsarki ta iso. In kin ce a mayar, za ta mayar, ni kuma na yi alkawarin zan yi shiru.

Saboda haka kafin ki yanke, ina so ki tuna Inna, Allah ya jiƙanta. Na san za ki ce da dama take komai. A gaban mutane ne. Kin tuna tabon nan da ya zagaye wuyan hannunta na hagu kamar abin hannu? Ke ta ce miki ƙuna ce. Ni da nake manne da ita kamar ƙaya, wata rana tana ɗinke mini wando ta gaya mini igiya ce, tana ƙarama aka riƙa ɗaure mata hannun a ƙugu. In za ta zura zare a allura sai ta waiga ƙofa tukuna, in ba kowa ta mayar da allurar ɗaya hannun, nan take zaren ya shige. A wajenta na koyi ƙulla zare, shi ya sa ubangidana da ya koya mini gyaran takalmi ya yi ta duka na, wai ƙullina a juye yake. Har yau a juye yake, kuma ba a taɓa dawo mini da takalmi an ce ya warware ba. Ranar gadar kuma kina gaba, kina goye da ƙanwarmu, ba ki ga komai ba. Katako ya zame a ƙarƙashin ƙafata, ina kallon ruwa ja yana tafasa. Hannun Inna na dama ba komai a cikinsa, Yaya, amma ba shi ya zo ba. Hagun nan da aka ɗaure shi ne ya cafko wuyan rigata ya fizgo ni. Da igiyar ta yi aikin da aka so ta yi, da ba ki da ƙanen da zai dame ki da wasiƙa yau.

Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba, saboda Inna ta ɓoye abinta har ta koma ga Ubangijinta, ni kuma na ga ba ni da ikon tona mata. Amma ranar da na ga ’Yar Ƙusa ta waiga ƙofa kafin ta ɗauki gudumarta, Inna na gani tsaye a gabana. Shekararta biyu, wa ya koya mata waigen nan? Ba na so a sake yin wata a zuriyarmu da za ta yi shekara sittin tana satar amfani da hannunta. Ke ce babba, ke kika rage mana a madadin uwa. Ki sa a rubuto wa maiɗakina, da lallashi, kada ki yi mata faɗa, ki ce a bar wa yarinyar hagunta. In kuma kin ga akasin haka, na riga na yi alkawari, sai dai ki sani zan yi ta yi miki mita har ƙarshen rayuwata.

Ki gaishe mini da maigidan, ki ce ina nan ina jiran takalman da ya ce zai aiko tun bara. Ki gaida Dogo da iyalinsa, da malamar asibitin nan ’yarki, da ’yan biyu, da takwarana in har yanzu yana tuna ni. Duk na nan suna gaishe ku, ’Yar Ƙusa kuma na ce ta gaida gwaggonta, ta ce a’a.

Maganar dariyar da uwarta take tsoro ba ƙarya ba ce, na san halin mutanen layinmu, shi ya sa ba zan naɗe hannu ina jiran amsarki ba. Gobe da safe in Allah ya kai mu, da na buɗe shago zan fito da benci bakin hanya inda kowa zai gani, in zaunar da ita kusa da ni, in ɗauki guduma da hagu in fara aikin ranar da shi. Tela ya ce zan farfasa yatsuna, na ce yatsun nawa ne. In dai za a yi wa bahago dariya a layin nan, to a fara da ubanta.

Wassalam. Ni ne ƙanenki,
mai gyaran takalmi.