Babban Yatsa a Bayan Sanda

Mama Khethiwe, wai tun yaushe karatu ya zama laifi a garinmu Msinga? Ki taimake ni kafin in yi aika-aika.

Ba makaranta ce ta koya min karatu ba, da kaina na ƙwaƙulo abina. A laburaren gari na samo wani tsohon littafin Turawa na faɗa da sanda, cike da zane. Mutanen ciki miƙe babban yatsa suke yi a bayan sanda, ba sa naɗe shi kamar mu. Na gwada, na ga duka ya fi zuwa daidai. Na koya wa abokina Bhekani, sai a wasan sanda na bakin kogi aka fasa masa yatsan. Shi ke nan gari ya ɗauka. Laifin littafi ne don Bhekani ya yi sanyin jiki?

Kawuna Mzwakhe, shugaban samarinmu, ya ce a gaban kowa, "Sarkin takarda, ran Asabar ka zauna cikin tsofaffi ka karanta musu." Asabar ɗin nan bikin ƙanwata ne. Samarin dangin ango za su zo da sandunansu mu kara kamar yadda aka saba a biki, ni yayan amarya ina gefe ina kallo? Wai ba zan shiga fili ba sai na bar riƙon nan. Zan shiga, ko da kawun zan fara karawa. Ki buga wannan a jarida, ya fito ya faɗi dalilinsa, ban da ba'a.

Mai Sanda, Msinga

Ɗana, sassauta. Koma ka dubi zanen da kyau. Ina kyautata zaton doguwar gora ce a hannu biyu, abokin karawa yana can nesa. Taku gajera ce, hannu ɗaya, kuma yatsu ake fara nema. Ka karanta daidai, amma sandar wasu ka karanta. Bhekani ba sanyin jiki ya yi ba, ka je ka duba shi yau.

Kawunka ma bai kyauta ba, ba'a ba ta zama amsa. Kai masa littafin har gida, ku biyu kawai. Ran Asabar ka naɗe yatsanka ka shiga fili. Kada ƙanwarka ta riƙa tuna bikinta da ranar da yayanta ya ɗaga wa kawunsu sanda. Gwajin ya jira bayan biki, da kara, ba da itace ba.

Baba Mzwakhe, yaro ya yi tambaya, shafin nan a buɗe yake gare ka. Allah ya sa a yi biki lafiya, kowa ya koma gida da yatsunsa cikakku.