Wayar Inna Ta Ƙi Buɗe Saƙonka

Zuwa ga yayana Illiasu, a Abija, ko duk inda wagga takarda ta iske ka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wanshi, ina tambayar lahiyarka, da aiki, da zaman baƙunta, da mutanen garinmu da ke tare da kai. Mu nan an yanke hatsi, an hwara dashen albasa a hwadama. Na gama gaisuwa. Ladabin da Baba, Allah shi jiƙan shi, ya koya mini iyakarshi ke nan. Abin da ya rage sai ka yi haƙuri.

A bainar jama'a nike rubuta maka, don lambarka ta daina shiga tun kahin damana. Na san cikin masu karantawa akwai ƴan Ibohamane da ƴan Keita da ke kwana ɗaki guda da kai. Wanda ya gani shi kai maka har bakin tabarma, shi karanta maka da ƙarhi, kada shi tsallake layi ko ɗaya.

Idi na gidan maƙera ya iso da saƙonka: sabulu, shayi, da ɗan katin memwar naɗe cikin takarda. Ya ce ka ce akwai bidiyo ciki, na Inna ne, ita za ta hwara gani. Madalla.

Ga abin da ba ka sani ba, tunda ba ka kira ba balle ka ji. Idon Inna na hagu ya tahi. Na dama saura kaɗan, ta ce kamar mai leƙe ta hujin zana take ganin duniya, kuma hujin ƙara tsukewa shike yi. Likitan ido ya ce hawan jinin ido ne. Maganin ɗigawa shina rage mishi gudu, amma abin da ya tahi ya tahi. Shekara huɗu rabon wannan ido da kai.

Ka san halinta. Kai ne ɗan hwari, tunda ta haihe ka ba ta taɓa kama sunanka ba, “mutumen can” take cewa. Ta amshi katin, ta jujjuya shi a tahin hannu, ta ce, “Wanga ɗan abu?” ta miƙo mini kamar ba ruwanta. Amma kahin in gama wanke hannu ta buɗe kwalla ta hiddo wayar da ka bar mata ran da za ka tahi. Waya daban, batir daban cikin tsumma. Haka take aje ta kullum, kamar yadda take yi ma batiran rediyon Baba don kada su tsiyaye a banza.

Na haɗa, na sa kati, na danna. Waya ta yi baƙi, ta hiddo ɗan rubutu da Faransanci. Ni da ban taɓa zama bencin lakkol ba, a kwalin shayi da allunan bakin gudro, hanyar kwalta, na koyi haɗa baƙi, na zauna ina tauna rubutun nan har na gane nuhinshi: ba ta iya karanta irin wanga bidiyo. Kai da sabuwar waya ka ɗauka, ka manta tsohuwa ka bari gida.

Idi ya ce a kawo shi sa cikin tashi wayar, yanzu-yanzu a gani. Inna ta ce, “A tsaya mini bisa kai ana kallona ina kallo? Bari, ɗan nan.” Ta juya ta ci gaba da tsintar wake. Daga nan na san in ba cikin wayarta ba, cikin ɗakinta, ba ta dubawa ko da idon zai ruhe gobe. Idi ya ce to sai na sauko da wata aplikasiyo ta kallo, irin wadda ke buɗe kowane bidiyo. Ya rubuta mini sunanta a ƙasa da tsinke. Ya ce abu ne na minti biyu.

Minti biyu! Yaya, kwana goma sha ɗaya na yi.

Ka san rezo, sabis ɗin waya, ba ya saukowa garinmu, sai ka hau tudu. Kullum hantsi in amshi waya, in mai da batir, in hau can bisa, in tsaya kan jerin duwatsun nan da Inna da tsaranta sunka ɗauko a ka lokacin aikin proje na tare zaizayar ƙasa. In danna. Wani ɗan zobe shi kama juyawa, ƙasanshi an rubuta wai ana jira. Ana jiran wa? Sarkin gari? In ɗaga waya sama, in juya gabas, in juya yamma. Makiyaya na wucewa da awaki suna cewa, “Sanusi, roƙon ruwa kake bayan an yanke hatsi?” Na kashe na tada. Na hidda kati na mayar. Na hure mata baki kamar mai hura wuta. Zoben nan shi juya, shi juya, sai shi tsaya shi jeho mini wata lamba, lamba tsirara, babu bayani.

In sauko da ƙura har gwiwa, in iske Inna bakin murhu. Ba ta ɗago kai. Sai dai ta ce, “Abin naka ya yi?” Abin nawa! In ce bai yi ba. Ta ce, “To, ba komi,” ta amshe wayar, ta ɓalle batir, ta naɗe. Wannan “ba komi” ɗin, da dutsi ta jehe ni da ya hi mini sauƙi.

Ran kasuwa na hau mota na tahi Madawa, wurin wani mai turin fim da ake ce ma Injiniya, shina zaune ƙarƙashin rumhwa da tabarau bisa goshi. Ko minti bai yi da wayar ba ya ce ciki ya cika, sai an rage kaya. Na ce rage. Ya share kokowar da ka tara, ya share waƙoƙinka, kuma cikin sharar nan ya haɗa da hotonka na ran Salla, wanda ka tsaya gaban rumbu da hwarar riga. Shi kaɗai muke da shi. Sai da na duba daga baya na ga wurin wayam. Ba shi kaɗai nike zagi ba, ni na ce rage, bakina ya hwaɗa.

Ciki ya yi sarari, zobe bai daina juyawa ba. Sai ya turo mini aplikasiyon daga tashi wayar. Ta shigo, na ji daɗi, munka danna ta zauna, ta yi rabin hanya ta ce atabau: wannan ta sababbin wayoyi ce. Injiniya ya sauke tabarau ya ce, “Abokina, wagga waya ta girme ka. Kai mata goro ka sayi wata.” Samarin rumhwar sunka bushe da dariya. Ya ce in ba shi katin shi buɗe a babbar na'urarshi kowa shi huta. Na ce saƙon uwata ne, ba fim ɗin kasuwa ba. Na hizge abina. Abin da na gaya mishi bayan nan ba na takarda ba ne.

Su kuma masu ƙera waɗannan abubuwa, in akwai mai jin Hausa cikinsu, shi saurara. Kun gina abin da ya san ciwonshi amma ba ya hwaɗi. Jariri ma in ya ji yunwa shina kuka. Naku sai shi ce ana jira, shi jeho lamba, shi bar mutum tsaye cikin rana kamar jakin da mai shi ya mance. Kuna zaune inda rezo ke bin ku har makewayi, ba ku taɓa hawan tudu don saƙo guda ba. Mi zai rage ku in kun rubuta abin da ke damun waya da maganar da manomi zai gane?

Ka san wa ya gano? Ba Injiniya ba. Ran da na kai Inna asibitin mishan awon ido, muna zaune kan benci muna jiran layi, ina ta dannawa ina tsaki. Wata ma'aikaciya, Madam Rahila, mai ɗiga ma mutane magani, ta ce, “Kai, ƙanena, tsakin nan ya ishi marasa lahiya. Kawo in gani.” Ta duba goshin wayar kawai, ta yi dariya. Ta ce, “Wayarka ba ta san yau ba. Ta koma ran ɗaya ga watan ɗaya na shekarar da anka ƙera ta. Wa ke hidda batir?” Inna ta ce, “Ni. Ƙarewa shike yi.” Madam Rahila ta durƙusa gabanta ta ce, “Mama, wagga ba rediyo ba ce. Duk kin hidda batir sai ta mance kwanan wata, su kuwa can inda ake sauko da abin ba su buɗe ma wayar da agogonta ya ɓace.” Ta shiga ciki ta gyara rana da wata da shekara, ta danna. Zoben da ya ci mini kwana goma sha ɗaya ya zama layi, layi ya cika, aplikasiyo ta zauna daram. Kahin a kira sunan Inna an gama.

A mota, da na miƙa ma Inna wayar, ta riƙe ta da hannu biyu har gida, kamar ƙwaryar nono cike.

Bayan la'asar ta ce in saki labulen ƙohwa. Ta zauna bakin gado, ta goge idon da gehen zane, ta kawo wayar dab da huskarta har hancinta na taɓa gilashi. Na danna.

Muryarka ta hito. “Inna, ga gada. Inna, ga ruwa, duba jirgi. Inna, ga gidan sama, ƙirga hawa nawa.” Gada, Yaya. Ruwa. Motoci. Wata mai soya ayaba. Teburin da kake sai da agogo da tabarau, ka bi su ɗaya-ɗaya har da na ƴan yara. Minti bakwai kana zagaya ta cikin garin mutane, kai kana bayan waya. Ko yatsanka bai hito ba.

Wa ya gaya maka gada take so ta gani? Matar da ta ɗauki dutsi a ka har tudu ya yi jeri, gini ne zai ba ta mamaki? Ina kallon idon nan guda shina bin gilashi lungu-lungu, shina neman ka cikin motoci. Ni kuwa na riga ta ganewa: ba ka ciki.

Can wajen ƙarshe wani mutum mai jar hula ya tsaya gehen teburinka, ya yi murmushi, ya ɗaga hannu. Ban san shi ba, ko maƙwabcinka ne ko mai ciniki. Inna ta ce in tsai da. Na tsai da. Sai ta yi abin da ban taɓa ji ta yi ba tunda na yi wayo: ta yi tambaya a kanka kai tsaye. Ta ce, “Shi na wanga?”

Na ce, “Shi na, Inna.”

Ta sa babban yatsa ta shahwa kumatun mutumen nan. Ta ce, “Ya yi ƙiba. Alhamdu lillahi.”

Yau kwana shida, kullum bayan la'asar sai ta ce in kawo. Ba ta son gada, ba ta son jirgi, in kai ta wurin mai jar hula kawai. Ta dube shi, ta yi mishi addu'a, ta ce Allah shi tsare mata shi. Ɗan hasken da ya rage mata, wanda likita ke ta ƙoƙarin riƙewa da ɗigo, kan ɗan wata take ƙarar da shi. Ni na yi ƙaryar, na sani, kuma ina ɗauke da ita kamar gammo da kaya. Amma kai ka aza mini.

Na yi kwanaki ina zagin ka cikin raina. Jiya ina ban ruwan albasa sai wani tunani ya zo mini, hushin ya ɗan kwanta. Kai ba wawa ba ne. Kai ka koya mini ɗaura guga, kai ka goya ni ka ƙetare da ni gulbi ran da ruwa ya zo. Mutumen da ya san a ce “ita za ta hwara gani” ya san abin da uwa ke nema. To mi kake ɓoyewa? In rama ce, Inna ta ga ramarka shekarar da hatsi bai yi ba, ba ta sake ka ba. In tabo ne, in haƙori ne ya hita, in hurhura ce ta riga arziki zuwa, aiko hakanan. Ba wanda ya aike ka Abija ka yi kyau. In kunyar dawowa hannu wohi ce, rumbu da hatsi, kuma ɗakinka ni na yaɓe shi bana.

Ka zo, shi ya hi. In ba ka iya zuwa, juya wayar ta dube ka. Tsaya cikin haske, matso kusa, cire hula, kada ka yi motsi da yawa don idon ba ya bin abu mai sauri. Ko ba ka ce komi ba. Yadda za ni gaya mata mai jar hula ba kai ba ne, wannan ka bar mini, ni na ɗaura ni za ni kwance. Amma kada ka ce sai bayan girbin albasa. Ban san abin da zai rage mata ba kahin nan, likita ma bai yi mini alkawari ba.

Allah shi tsare ka da sharrin baƙunta, shi sassauta maka abin da ya yi maka nauyi. Allah shi gahwarta mini abin da na hwaɗa ma uwata. Allah shi riƙe mata wanga haske har ta aza shi kan ɗanta na gaskiya. Amin.

Ƙanenka, da hushinshi da kewarshi duka,
Sanusi.