Nakiyar Sinawa

Daura,
Ranar Laraba.

Zuwa ga Yaya Zakiyyu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da karatu da sanyin ƙasar Sin. Inna tana gaishe ka, ƙafarta da sauƙi.

Saƙonka ya iso ta hannun abokinka. Da na buɗe na ga abu mai tauri kamar sabulu, na ɗauka ya lalace a hanya, sai da na karanta bayaninka. Na yanka shi falle-falle na soya kamar yadda ka ce, ya yi laushi yana danƙo. Inna ta ɗanɗana ta ce ai nakiya ce, garin shinkafa da sukari, kayan yaji kawai suka manta. Na gaya mata Sinawa suna cinsa a bikin sabuwar shekararsu, da fatan bana ta fi bara, danƙonsa kuma fata ne iyali su riƙe juna.

Yaya, akwai abin da muka ɓoye maka. Tun bayan rabon gadon Baba, Yaya Hussaini ya ja katanga a tsakiyar gidanmu, ya fasa tasa ƙofar ta baya. Rijiya ta faɗa ɓangarensa, bishiyar darbejiya a namu. Ba ya shigowa, sai dai mu ji muryarsa ta kan bulo.

Inna ta aika a kira shi mu ci nakiyar tare. Matarsa Murjanatu ce ta zo, kanta a ƙasa, ta ce ya tafi kasuwar Mashi. Alhali muna jin tarinsa.

Sai Inna ta zuba rabonsa a kwano, ta yafa mayafi, ta fita titi da sandarta, ta zagaya layi. Ina biye da ita. Ta tsaya a sabuwar ƙofar ta yi sallama kamar baƙuwa, a gidan da ta haife mu. Ya fito ya durƙusa ya karɓa, amma bai ce ta shigo ba. Da muka dawo ta ce mini, "Ko ba komai ya karɓa da hannu biyu."

Tun ranar ba ta cin abinci sosai. Ta hana ni gaya maka don kada hankalinka ya rabu da karatu, amma ni na kasa ɓoyewa. Kai kaɗai Yaya Hussaini yake jin kunya. Don Allah ka kira shi, ko ka zo hutun nan.

Ka gaida malaminka da ya ba ka kyautar nakiyar nan. Kada ka faɗa masa yadda muka ci ta a rarrabe.

Ƙanwarka,
Siddiƙa.