Kalanguna Ya Fashe a Goudel

Juma'a, bayan isha'i

Yau ni Sarkin Kiɗan unguwar Bobiel naga ta kaina. Gobe ne konser, wasan kiɗan da muka haɗa don tara kuɗin aikin idon Baba Seyni, tsohon da ya koya mana kiɗa. Munje Goudel bakin kogi repetisiyo, wato gwajin kiɗa, sanyin kogi ya saki fatar kalanguna, in na buga kamar ana marin katifa. Na kara shi a gawayin mai shayi, na tsaya ina baiwa mutane labarin yadda nake sa gurgu rawa. Sai mukaji tau, fata ta fashe.

Baba Seyni baya gani amma kunnenshi ras. Yace, "Ɗana, bana bakayi bugu mai daɗin wannan ba." Nayi dariyar dole. An saida tike, lokotoro mai aikin idon na jira, mai ɗaurin fata kuma ya tafi Maradi biki.

Na roƙi matata babbar ƙwaryar furarta, tace in na fasa ta kar in dawo gida. Ita zan kifa in buga, in tada Niamey tsaye gobe. In sha Allah sai tsohon nan yaga kyakkyawan da yake zagi.